KARATU A CIKIN KURMI: LABARIN ƊALIBAN DA KE ZUWA KOSTA RIKA

Sau da dama in muka zauna da malaman makarantu muna shawara a kan aika ɗalibai ƙasashen waje, ba a rasa wanda zai ɗaga hannu ya ce shi dai akwai abin da bai gane ba. In an ce yaro ya tafi koyon likita ko aikin injiniya, wannan kowa ya yarda, gama akwai kayan aikin da ba mu da su a gida. Amma a ce an ɗebi kuɗi an sa yaro cikin jirgi, ya ƙetare teku don ya je ya kwana a daji yana ƙidayar itatuwa, to, ina dajin da ke bayan gidan ubansa? Waɗansu har su kan ƙara da cewa wannan ai yawon shan iska ne aka sa masa rigar karatu.

Wannan magana ba abar yarwa ba ce, domin mu kanmu mun ga ɗaliban da suka yi irin wannan tafiya suka komo ba su da kome sai hotuna da labarin abincin da suka ci. Amma kuwa akwai waɗanda tafiyar wata biyu ta zame musu aikin rai duka, har ta amfani ƙasar da suka je. Don a bambanta waɗannan da waɗancan, mun ga ya kyautu mu ba masu karatu labarin wata 'yar ƙasa wadda ɗalibai daga ko'ina su ke zuwa cikinta kowace shekara don koyon kiyaye daji, watau Kosta Rika.

Ƙasar da dajinta

Kosta Rika tana cikin siririyar ƙasar nan da ta haɗa Amurka ta Arewa da Amurka ta Kudu. Nikaraguwa ke arewa da ita, Panama ke kudu, gabas da yamma kuwa duk teku ne. Girmanta murabba'in kilomita 51,100 ne, watau ta ɗan ɗara Jihar Kaduna. Mutanenta miliyan 5 ne da 'yan kai, suna jin Sifaniyanci, babban birninsu San Hose. Tun cikin shekarar 1948 suka rushe rundunar sojansu, har yau kuwa ba su sake kafa wata ba.

Ko da ya ke ƙasar ƙarama ce, masana sun kimanta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na irin halittun da aka sani a duniya, dabbobi da tsuntsaye da ƙwari da tsire-tsire, ana samunsu a cikinta. Dalili kuwa shi ne duwatsu masu tsawo sun raba ta biyu. Gefen gabas ruwan sama ba ya yankewa, saboda haka kurmi ne mai duhu. Arewa maso yamma akwai rani mai tsanani. A kan duwatsun kuma akwai sanyi da hazo. Mutum ya iya ratsa waɗannan duka a mota cikin yini guda.

Wajen shekarar 1940 kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar daji ne. Sa'an nan aka shiga sara don a sami makiyayar shanu da gonakin ayaba da kofi, har a shekarun 1980 waɗansu masu lissafi suka ce abin da ya saura bai fi rubu'in ƙasar ba. Da hukuma ta farga sai ta juya. A 1996 aka yi dokar daji wadda ta hana mai da kurmi gona, a 1997 kuma aka soma biyan masu filaye kuɗi don su bar itatuwansu tsaye, ana ɗebo yawancin kuɗin daga harajin man fetur. Yau fiye da rabin ƙasar ya koma daji, kusan rubu'inta kuwa gandun da hukuma ke tsaro ne. Ƙasar da ta yi hasara ta kuma mai da abinta, ai ta isa a je a yi karatu gare ta.

Yadda a ke karatun

A shekarar 1963 waɗansu jami'o'in Amurka suka haɗa kai da Jami'ar Kosta Rika suka kafa ƙungiyar nazarin ƙasashe masu zafi, wadda a ke taƙaita sunanta OTS. Tana da tashoshin bincike uku a ƙasar: La Selva a cikin kurmin gabas, da Palo Verde a fadamun arewa maso yamma, da Las Cruces a duwatsun kudu. La Selva ta zo hannun ƙungiyar a 1968. Faɗinta wajen hekta 1,600 ne, ruwan da ke sauka a can kuwa ya kan kai milimita 4,000 a shekara, watau ya ninka na Kano wajen sau huɗu.

Ɗalibin da ya iso can yana tsammanin hutu, tun daren farko zai gane ya yi kuskure. Abin da a ke fara gaya masa shi ne kada ya taka daji sai da takalmin da ya rufe ƙafa, ya fi kyau na roba mai dogon wuya, saboda akwai wani maciji mai kama da kububuwa da ke kwanciya cikin busassun ganye. Kada kuma ya dafa itace bai duba ba, gama akwai wata babbar tururuwa wadda zafin harbinta ya kan wuni ya kwana. Da asuba a ke tashi. A kan kasa ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, mutum huɗu ko biyar, kowace ƙungiya ta tsai da tambaya guda wadda awo zai iya amsawa. Misali: shin ƙwari sun fi cin ganyen da ke bakin hanya, ko wanda ke tsakiyar kurmi? Shin tururuwa masu yankan ganye sun fi sauri da safe, ko da rana?

In sun tsai da tambaya sai su fita da igiyar awo da littafin rubutu da fensir, domin tawada ba ta jimre wa ruwa. Su auna, su ƙidaya, su rubuta. Da la'asar su komo su yi lissafi. Da dare kuma su tsaya gaban 'yan'uwansu da malamansu su faɗi abin da suka samu, a yi ta jefa musu tambayoyi. Ganye nawa kuka duba? Me ya sa kuka zaɓi wannan itace kuka bar wancan? Da me kuka kwatanta? Wanda ya ce "mun ga kamar", nan da nan a ce masa a kawo adadi. In an yi kwanaki sai a naɗe kaya a koma wata tasha mai wani irin daji dabam, a sake daga farko.

Mu kan ce ido ba mudu ba, amma ya san ƙima. Wannan gaskiya ce a kasuwa. A wajen kiyaye daji kuwa ƙima ba ta isa ba, domin itatuwa da namun daji a hankali su ke ƙarewa, ido ba ya lura sai bayan an yi nisa. Babban abin da ɗalibi ke koyowa a waɗannan tashoshi shi ne ya riƙa tafiya da mudu.

Ɗalibin da bai tsaya ga tafiya ɗaya ba

Cikin ɗaliban da suka je Kosta Rika a 1963 don wani karatu na wata biyu akwai wani saurayi Ba'amurke mai suna Daniel Janzen, wanda aka haifa a 1939. A lokacin yana binciken wata itaciya dangin bagaruwa, mai manyan ƙayoyi kamar ƙahon sa, wadda wata tururuwa mai harbi ke zama cikin ƙayoyinta. Itaciyar tana fid da wani ruwa mai zaƙi da waɗansu 'yan ƙwayoyi a bakin ganyenta, tururuwar na ci. Abin tambaya shi ne ko itaciyar na samun wani abu a madadin wannan ciyarwa. Janzen ya yi gwajinsa a ƙasar Meziko. Ya kore tururuwa daga waɗansu itatuwa, ya bar ta a kan waɗansu, sa'an nan ya yi ta komowa yana aunawa. Waɗanda aka raba da tururuwa ƙwari suka cinye ganyensu, tsire-tsire masu yaɗo suka danne su, da yawa suka mutu. Waɗanda aka bar wa tururuwarsu suka yi ta girma. Aka buga sakamakon a 1966, har yau kuwa ana koyar da shi a jami'o'i.

A 1965 ya koma Kosta Rika yana malami a karatun da ya yi ɗalibta a cikinsa, daga baya ya zama shehun malami a Jami'ar Fensilbaniya. Shi da matarsa Winnie Hallwachs, ita ma masaniyar halittu ce, suka mai da lardin Gwanakaste, a arewa maso yammacin ƙasar, wurin aikinsu na shekara da shekaru.

Mai karatu da zai sauka Gwanakaste cikin watan Maris, da ya ce bai bar gida ba. Daga Disamba zuwa tsakiyar Mayu ruwa ba ya sauka, itatuwa su kakkaɓe ganye, iska mai ƙarfi ta yi ta busawa. Irin wannan busasshen daji dā ya miƙe daga Meziko har Panama, amma a shekarun 1980 abin da ya saura lafiya bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Masu kiwon shanu sun sare shi, suka shuka wata doguwar ciyawa da su ke kira haragwa. Asalin wannan ciyawa daga Afirka aka kai ta, dangin irin wadda mu ke baibaye ɗaki da ita ce. Da rani ta kan bushe ta fi mutum tsawo, a cinna mata wuta don sabon tsiro ya fito. Kowace gobara kuwa sai ta ƙone 'yan itatuwan da suka tsiro, ta kuma ci wani abu daga bakin dajin da ya saura.

Abin da awon shekaru ya nuna wa Janzen da abokan aikinsa na Kosta Rika shi ne ba lalle sai an dasa itatuwa ba. In aka hana wuta, iska da tsuntsaye da jemagu da birai su za su kawo iri daga guntayen dajin da ke kusa. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka shiga tara kuɗi ana sayen tsofaffin makiyaya a kewayen gandun Santa Rosa, aka ɗauki mutanen wurin aikin kashe gobara. Da fari har shanu aka bari a waɗansu filaye don su rage ciyawar kafin itatuwa su yi inuwa. A 1989 aka kafa gandun Gwanakaste, a 1999 kuma hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren gadon duniya. Yanzu girmansa ya haura hekta 160,000, har da wani yanki na teku.

Ɓawon lemo tan 12,000

A bakin wannan gandu akwai wani kamfanin matse lemon zaƙi mai suna Del Oro, wanda ɓawo ya zame masa kaya. A 1997 Janzen da Hallwachs suka kawo shawara: kamfanin ya ba gandun wani dajinsa da ke maƙwabtaka da shi, a madadin haka a yarje masa ya zub da ɓawon lemo a wata tsohuwar makiyaya da ta mutu a cikin gandun. Aka yi yarjejeniya. A 1998 manyan motoci suka yi sawu dubu, suka juye tan 12,000 na ɓawo da tuƙar lemo a kan fili mai hekta 3, watau eka bakwai da ɗoriya. Cikin wata shida tsibin ya ruɓe ya zama baƙin taki.

Sai wani kamfanin lemo, abokin gasar wancan, ya kai ƙara cewa an ƙazantar da gandun hukuma. Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ba shi gaskiya, aka soke yarjejeniyar. Kowa ya kama gabansa, filin kuwa aka bar shi shekara goma sha biyar babu mai waiwayarsa, sai wani allo mai tsawon wajen mita biyu, da rubutu rawaya, da aka kafa don alama.

A 2013 wani ɗalibi mai neman digirin dakta a Jami'ar Firinstan ta Amurka, Timothy Treuer, ya je Gwanakaste yana neman abin da zai yi bincike a kai. Janzen ya ambata masa filin. Ya tafi nema, ya yi ta kai da kawowa a bakin hanya bai gane wurin ba, alhali kuwa allon yana nan taku kaɗan daga inda ya ke tsaye, kurangar daji ta lulluɓe shi. Sai da ya koma ya samo cikakken kwatance tukuna ya tabbata cewa kurmin nan mai duhu da ke gabansa shi ne tsohuwar makiyayar. Ƙetaren hanya kuwa, inda ba a zuba kome ba, ciyawa ce da duwatsu da 'yan itatuwa jefi-jefi, kamar yadda wurin duka ya ke a dā.

A nan ne mai yawon buɗe ido da ɗalibi su ke rabuwa. Da mai yawon buɗe ido ne, da ya ɗauki hoto ya yi mamaki ya wuce. Treuer ya koma jami'arsa ya samo wani ɗalibin ajin ƙarshe mai suna Jonathan Choi, wanda ya ɗauki wannan ya zama aikinsa na gama digiri. A 2014 aka ja layukan awo a filin lemo, aka ja irinsu a filin da ke ƙetaren hanya. Aka auna kaurin kowane itace da ke kusa da layi, aka rubuta irinsa, aka ɗebi ƙasa aka gwada, aka kuma auna hasken da ke ratsowa ta cikin rassa. Da aka buga sakamakon a 2017, sai aka ga nauyin itatuwan da ke filin lemo ya fi na ɗaya filin da kashi 176 cikin 100, watau ya kusa ninka shi uku. An sami irin itatuwa 24 a wannan, 8 a wancan. Ƙasar filin lemo ta fi taki, har akwai wani ɓaure a ciki wanda sai mutum uku sun haɗa hannu su ke kewaye shi. Masu binciken sun danganta abin ga dalili biyu: ɓawon ya danne ciyawar nan ta Afirka ya kashe ta, sa'an nan ya ciyar da ƙasar da ta gaji.

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe duk sharar da aka zuba a daji alheri ce. Fili ɗaya ne aka gwada, a ƙasa mai irin nata ruwa da zafi, an kuma tsame mai da tsami daga ɓawon kafin a zuba. Abin lura shi ne ba don an kafa alama ba, an bar wani fili na kwatanci ba a taɓa shi ba, an kuma sami ɗaliban da suka yarda su sha rana su auna, da shekara goma sha shida na aikin da ƙasa ta yi sun tafi a banza, ba wanda ya ƙaru da su.

Malaman da ba su da digiri

Akwai wani darasi kuma da ɗalibin da ya zo daga babbar jami'a ya kan samu a Gwanakaste, mai karya girman kai. Waɗanda suka fi kowa sanin ƙwarin dajin nan mutanen ƙauyukan wurin ne, maza da mata, da yawansu ba su wuce firamare ko 'yar sakandare ba. An horar da su, suka zama ma'aikatan gandun. Su ke tattara tsutsotsin malam-buɗe-littafi, su rene su, su rubuta ganyen da kowace ke ci da abin da ta rikiɗa ta zama. Baƙon ɗalibi ya kan zo ya yi makonni ya tafi, su kuwa suna nan rani da damina, littafinsu ba ya yankewa.

Hakanan tun daga ƙarshen shekarun 1980 gandun ke ɗauko 'yan aji huɗu zuwa shida na makarantun da ke kewaye da shi, a kai su daji da bakin teku, malaman gandun su koya musu a wurin da ido da hannu. Waɗanda suka tsara wannan sun lura cewa yaron da ya san sunan itace da amfaninsa, in ya girma da wuya ya cinna masa wuta.

Abin da ya rage gare mu

To, yanzu mu koma ga tambayar malamin nan namu. Gaskiyarsa, akwai daji a bayan gida. Abin da ɗalibi ke zuwa nema a ƙetare shi ne hanyar yi wa daji tambaya, a wurin waɗanda suka daɗe suna yi, da kuma ganin ƙasar da ta hana wuta dajinta ya komo. In ya samo wannan, kuɗin da aka kashe bai ɓata ba. In bai samo ba, to, mai zargi ya yi gaskiya.

Saboda haka muna ba da shawara ga duk wanda takardar neman irin wannan tafiya ta biyo ta teburinsa, shugaban makaranta ne ko akawun ofis, ya tambayi mai nema abin da za shi ya auna, tun kafin a sa hannu. In ya komo a nemi ganin littafinsa na daji, da kwanan wata da adadi, kafin a dubi hotunansa. A kuma ɗora masa ya koya wa waɗanda ba su sami zuwa ba, domin cikin ɗari da ƙyar ɗaya zai taɓa hawa jirgi.

Malaman da ke gida kuma ba sai sun jira wani ya komo ba. Kowace makaranta mai ɗan fili a bayanta ta iya keɓe wuri biyu masu girma ɗaya, taku ashirin-ashirin. A kewaye ɗaya da shinge, a share masa hanyar tare wuta, a hana dabbobi shiga. Ɗayan a bar shi yadda ya saba. A kafa turaku masu ƙarfi a kusurwoyi. Kowace shekara bayan kaka 'yan aji shida su fita su ƙidaya itatuwan da suka tsiro a kowane wuri, su auna tsawonsu, su tambayi tsofaffin gari sunayensu, a rubuta cikin littafi guda wanda zai zauna a ofishin shugaban makaranta. In an yi wa malami canjin wurin aiki, ya miƙa littafin ga wanda ya gaje shi tare da rajistar aji. Shekarar farko da ta biyu ba za a ga abin kirki ba, yara ma su yi ta dariya. Amma a yi haƙuri a ci gaba da rubutawa, gama filin lemon Gwanakaste ma sai da ya shekara goma sha shida kafin a zo masa da igiyar awo.